Tabon Ganyen Alobera: A Taɓa Kafin a Fesa

A gidaje da yawa na Kano da Zariya da Maraɗi, idan ka leƙa wani lungu na tsakar gida za ka same ta a zaune, cikin tsohon bokitin fenti, ko jarkar man gyaɗa da aka yanke wa kai, ko kaskon da ya tsage aka daina tuya da shi. Alobera ke nan. Galibi mata ne ke ajiye ta, saboda gashi da fata, da kuma ranar da mai zai fallatso wa mutum a hannu a madafa. Wadda ta ciro maka ɗanta daga tukunyarta kuwa, maganar da za ta raka ka da ita ɗaya ce: wannan ba ta mutuwa, ko da ka manta da ita.

Shi ya sa hankali ke tashi ranar da aka wayi gari aka ga tabo mai ruwan ƙasa ya fito a jikin ganyen. Abin da yakan biyo baya sananne ne. A yanko ganyen a ba yaro ya kai shagon maganin gona, mai shago ya juya shi sau ɗaya ya miƙo ƙullin gari, a dama a fesa. Bayan mako guda tabon yana nan inda yake. Sai a ce maganin ba shi da ƙarfi, a ninka. Wata kuma ta ce ƙishi ne, ta ƙara ruwa. A ƙarshe shukar da aka ce ba ta mutuwa ta kwanta, kuma sau da yawa ba tabon ne ya kashe ta ba, jinyar ce.

Matsalar ita ce tabo ba sunan cuta ba ne. Rana tana kawo shi, ruwa yana kawo shi, fumfuna da ƙwari da gishiri duk suna kawo shi, har bakin kaza. Kuma duk launinsu kusan ɗaya. Wanda ya taɓa ɓare farin goro ya ajiye rabi ya san dalili: da zarar iska ta shiga naman da aka ji wa ciwo, sai wasu sinadarai da ke cikinsa su rine, farin ya koma ja-ja. Haka ganye yake yi ko mene ne ya kashe masa nama. Launin yana nuna maka an yi ɓarna, amma bai faɗi wanda ya yi ta ba. Ga shi kuma magungunan suna karo da juna. Ruwan da zai ceci wadda ƙishi ya kama, shi ne zai ƙarasa wadda saiwarta ta fara ruɓewa.

Akwai kuma abin da ya kamata mai shuka ya haƙura da shi tun farko. Wurin da ya mutu a ganye ba ya dawowa kore. Fatar mutum tana yin sabuwa, ganye kuwa sai dai ya kewaye wurin da busasshen ɓawo ya rufe shi, ya ci gaba da rayuwa da tambarinsa. Saboda haka duk wanda yake jiran tabo ya goge kafin ya yarda magani ya yi aiki, zai yi ta fesawa har ya illata shukar. Tambayar da ta dace ita ce ko tabon yana girma, ko kuwa ya tsaya. Hanya mafi araha ta sani ita ce a ɗauki biro a zagaye shi a jikin ganyen, a dawo bayan kwana uku ko huɗu. Idan bai tsallake layin ba, kuma wani sabo bai fito a wani ganyen ba, to abin da ya faru ya riga ya faru, ya wuce.

Halinta daga asalinta

Kafin a gane ciwonta sai an san inda ta fito. A 2015 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Olwen Grace ta lambun nazarin tsirrai na Kew da ke Landan suka bi salsalar dangin nan, wanda ya haura iri 500, suka nuna cewa tushen alobera yankin Larabawa ne. Ƙasa ce ta duwatsu da tsakuwa, inda ruwa ke sauka jefi-jefi kuma ba ya kwana a gindin tsiro. A dajinmu ma tana da 'yar uwa, wadda ake kira kabar giwa ko zabuwa, mai ɗigon fari a ganye kamar gashin zabo. A nan ya kamata a ce wani abu: ɗigon farin da ake gani a jikin ƙananan alobera ba cuta ba ne, halitta ce, kuma yakan dushe idan ta girma. Moda da kariya da tinya da aguwar da ake shinge da ita a arewa duk sun iya wannan dabara ta ajiye ruwa a jiki, wasu a ganye, wasu a kara.

Dabarar ba ta tsaya ga ajiya kawai ba. Yawancin tsirrai suna buɗe ƙananan ƙofofin numfashinsu da rana, su sha iska, ruwa kuma ya riƙa fita ta nan. Irin su alobera sai dare suke buɗewa. Su kama iskar su ajiye ta a matsayin tsami a cikin ganye, gari na wayewa su rufe ruf, su yi aiki da abin da suka tara. A farkon ƙarni na 19 wani likita Bajamushe mai suna Benjamin Heyne da ke aiki a Indiya ya lura da haka da harshensa. Ya ɗanɗana ganyen wani tsiro mai kauri da safe ya ji tsami, da rana ta yi ya sake ɗanɗanawa ya ji tsamin ya tafi. Abin da ke cikin ganyen alobera, wannan farin nama mai yauƙi, kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ne. Randa ce a rufe. Daga wannan halitta ne manyan matsalolinta biyu suka taso.

Yadda 'yar hamada ke ƙonewa a rana

Mutane kan yi mamaki idan aka ce rana ce ta ƙona alobera. Ai daga hamada take, in ji su. Amma ka tuna ƙofofinta a rufe suke da rana. Ganyen mangwaro yana sanyaya kansa da ruwan da ke fita daga jikinsa, kamar gumi. Ita ba ta da wannan gata, ga kauri kuma da ke riƙe zafi. Wadda ta tashi a fili tun tana ƙarama takan yi fata mai jure wa hasken. Wadda aka rena a ƙarƙashin dogon yaro a wurin masu sayar da furanni na bakin titi, ko ta shekara a baranda, ganyenta shar ne kuma lallausa. A ɗauko irin wannan a watan Afrilu, lokacin da zafi a Kano yakan kai digiri 40 ko ya haura, a dire ta a jikin katangar siminti mai fuskantar yamma, to yini ɗaya ya isa.

Ƙunar rana tana da saurin ganewa idan aka san inda za a duba. Tana fitowa ne a ɓangaren da ke kallon rana, a saman ganye ko a inda ya lanƙwasa, ɗaya gefen kuma lafiya lau. Da farko wurin yakan yi fari-fari kamar an zuba masa ruwan zafi, daga baya ya koma ruwan ƙasa, ya lotsa, ya bushe kamar takarda. Ba shi da siffar da'ira, ba ya wari, kuma da an sauya wa tukunyar wuri ba ya ƙaruwa. Sabbin ganyen tsakiya da manya suka yi wa inuwa yawanci ba abin da ke samun su.

Sai dai kada a haɗa wannan da wani abu mai kama da shi. Wani lokaci shukar gaba ɗaya takan rine, ta koma ja-ja ko ruwan makuba, ba tabo a wuri guda ba. Wannan ba mutuwa ba ce. Rini ne take fitarwa don kare kanta daga yawan haske da ƙishi, kuma idan aka mayar da ita inuwa aka ba ta ruwa, cikin makonni kaɗan koren zai dawo. Matsa ganyen ka ji: idan yana nan da tauri, babu wurin da ya lotsa, to ƙorafi kawai take yi.

Maganin ƙuna ba ya wuce sauya wuri. Ranar hantsi ta ishe ta, daga azahar kuma ta samu inuwa. Idan ana son ta koma fili, a riƙa fitar da ita sannu a hankali, ana ƙara mata lokaci cikin mako biyu ko uku. Kuma ba sai an yanke ganyen da ya ƙone ba. Sauran jikinsa yana nan yana ciyar da shukar, yana kuma yi wa na ƙasa da shi inuwa.

Akwai wata magana da ta yaɗu, wai ɗigon ruwa a kan ganye da tsakar rana yakan tattara haske kamar gilashi ya ƙona shi. A 2010 masu bincike a wata jami'a da ke Budafes ta ƙasar Hungari suka gwada, suka ga a kan ganye mai santsi hakan ba ya faruwa, sai dai a kan mai gashi-gashi ne yake iya yiwuwa. Akwai dalilin da ya sa bai kamata a jiƙa ganyen alobera ba, amma ba wannan ba ne. Za mu zo kansa.

Kashe ta da alheri

A gidanmu, tukunyar alobera ta farko da na sani an ajiye ta ne a gefen wurin alwala. Hikimar ita ce kada ruwa ya tafi a banza. Sau biyar a rana, mutum nawa ne a gidan, kowa ya juye mata ragowar butarsa yana ganin lada yake samu. Da rani ta jure, don zafi yana shanye ruwan. Da marka ta kankama a watan Agusta, sai muka ga ganyen ƙasa sun fara yin laushi, launinsu ya koma kamar na gurɓataccen ruwa, sannan baƙi-baƙi daga gindi. Wata safiya ƙanwata ta taɓa ta, sai kan shukar gaba ɗaya ya biyo hannunta.

A ganina, cikin duk abubuwan da ke sa wa alobera tabo, wannan ne kaɗai ke kashe ta da gaggawa, kuma shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Saiwa tana numfashi. Idan ƙasa ta cika da ruwa kwana da kwanaki, iska ba ta da wurin shiga, sai saiwoyin su shaƙe su fara mutuwa. Daga nan ƙwayoyin da dama suna zaune a cikin ƙasa suna jira, irin su Pythium da Phytophthora da Fusarium, su samu ƙofa. Abin takaicin shi ne yadda shukar ke nuna alamar. Tunda saiwa ta mutu ba ta jan ruwa, sai ganyen su yamushe, su yi sirara, daidai yadda suke yi idan ƙishi ya kama su. Mai ita ta ga haka, tausayi ya kama ta, ta ɗauko buta.

Don haka kafin a ƙara ko da kofi ɗaya, a tura yatsa cikin ƙasar har ya nutse. Idan da danshi kuma ganye ya yamushe, to ba ƙishi ba ne. A riƙe shukar a ɗan girgiza ta: mai lafiya tana riƙe da ƙasa gam, wadda ta ruɓe kuwa tana lilo kamar haƙorin da ya kusa fita. A sunkuya a shinshina gindin. Tabon ruɓa daga ƙasa yake tasowa ya yi sama, a jiƙe yake, yatsa yana nutsewa a cikinsa, kuma yana gudu: layin biro na yau gobe an wuce shi. Idan har da ɗoyi, kuma naman ganyen ya narke ya zama ruwa a cikin fatarsa, to bakteriya ce ta shiga. A tsibirin Aruba da ke tekun Karibiyan, inda noman alobera ya kafu tun ƙarni na 19 har hotonta ya shiga tambarin ƙasar, masu bincike sun bayyana irin wannan ruɓa a 1994, suka gano cewa wata bakteriya ce da a lokacin ake kira Erwinia chrysanthemi. Babu feshin da ke mayar da naman da ya riga ya narke.

Abin da ke ceto shi ne wuƙa, kuma da wuri. A zare shukar daga tukunya, a kakkaɓe ƙasar, a duba saiwoyin. Masu rai suna da tauri, launinsu rawaya-rawaya ko ruwan lemo. Matattu baƙaƙe ne, suna saɓulewa a hannu su bar zare. A yanke su duka. Idan ruɓar ta hau kara, a riƙa yankawa sama-sama har sai an kai ga nama mai tsabta wanda babu ko ɗigon baƙi a cikinsa, domin ɗan abin da aka bari don tausayi shi zai sake kunno wutar. Tsakanin yanka da yanka a goge wuƙar da sifirit ko a ratsa ta cikin harshen wuta. Daga nan sai abin da ya fi yi wa mutane wuya: a ajiye shukar haka nan tsirara a inuwa mai iska, kwana uku har zuwa mako guda, sai bakin yankan ya bushe ya yi ɓawo. Ba za ta mutu ba, guzurinta yana jikinta. Sannan a dasa ta a busasshiyar sabuwar ƙasa, a ƙara mako guda kafin a ba ta ruwa. Tsohuwar ƙasar a zubar da ita nesa, tukunyar kuma a wanke ta a shanya a rana.

Idan zuciyar shukar ta riga ta tafi, a duba 'ya'yan da ke gindinta, sau da yawa su sukan tsira. Yanko ganyen alobera a binne da fatan ya tsiro kuwa yawanci ɓata lokaci ne, ruɓewa yake yi. Wasu 'yan uwanta na ado da ake shigo da su, kamar Echeveria ta ƙasar Meziko da Crassula ta kudancin Afirka, su ne ke tsirowa daga ganye ɗaya.

Maganar ƙasa da tukunya ta fi maganar yawan ruwa muhimmanci, don ƙasa mai kyau tana yafe kuskuren mai ban ruwa. Laka da baƙar ƙasar fadama ba nata ba ne. Abin da take so shi ne kamar kashi biyu na yashi mai gautsi da ƙananan tsakuwa, da kashi ɗaya na ƙasa mai ɗan tsohon taki. A lura, yashi mai manyan ƙwayoyi ake nufi, irin na rafi. Lallausan rairayi idan ya jiƙe dunƙulewa yake yi ya toshe iska. Ɗan dakakken gawayi ba laifi. Tukunya kuma dole ta kasance da huda a ƙasa. Dabarar nan ta zuba tsakuwa a gindin bokitin da ba a huda ba, wai ruwa ya samu wurin taruwa, ba ta hana komai. Ruwan yana nan, sai ma ya ƙara matsowa kusa da saiwa. Tukunyar ƙasa ta fi roba, saboda dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi: jikinta yana tsatsafo da ruwa, iska tana kwashewa.

Ban ruwan kansa ba a yi masa ranaku. A ba ta sosai har ya fito ta huda, sannan a ƙyale ta sai ƙasar ta bushe ƙarau. Da bazara hakan zai iya zama mako guda, da hunturu ya fi haka nesa. Da damina kuwa aikin shi ne a janye ta daga ƙarƙashin indararo da bakin kwano.

Akwai wani ɗan tabo da yawan ruwa ke kawowa wanda ba ruɓa ba ne. Idan ƙasa ta jiƙe, gari ya yi lumshi da sanyi, saiwa takan ja ruwan da ya fi ƙarfin ganye, sai wasu ƙwayoyin naman su kumbura su fashe, su warke da ƙananan ƙuraje masu kaushi kamar ɓawon itace. Ba ya yaɗuwa, ba ya buƙatar magani. Gargaɗi ne a rage hannu.

Inda mai shagon ke da gaskiya

Cutar fumfuna ta ganye gaskiya ce, ba a musun ta, kuma tana da kamanninta. Tabonta zagayayye ne, yana farawa ƙarami kamar kan allura ya riƙa faɗi, tsakiyarsa a lotse, bakinsa ya fi duhu, wani lokaci da rawayan zobe a kewaye. Idan aka ƙura ido akan ga da'ira cikin da'ira, ko ƙananan baƙaƙen ɗigo a tsakiya. Ba ya zaɓen ɓangaren rana, warwatse yake, kuma yana tsallakawa daga ganye zuwa ganye, daga tukunya zuwa maƙwabciyarta. An samu Alternaria da Colletotrichum suna yi wa gonakin alobera haka a Indiya. A Afirka kuma akwai tsatsar da ta keɓanta da wannan dangi, Uromyces aloes, wadda ƙurajenta kan fashe su bar gari mai ruwan tsatsa a yatsa.

Duk waɗannan da ruwa suke tafiya. Irinsu yana buƙatar ganye ya daɗe a jiƙe kafin ya tsiro ya huda fata, kuma iska ko fallatsin ruwan sama ne ke ɗaukarsa daga nan zuwa can. Ga dalilin da ya sa ba a yi wa alobera wanka, kuma ba a bari ruwa ya kwana a ƙoƙon tsakiyarta. A zuba a ƙasa, da safe. Saboda haka lokacin da tabo ya fito ma shaida ne. Wanda ya ɓullo a Afrilu a fara zargin rana, wanda ya ɓullo a Agusta a fara zargin ruwa da fumfuna.

Idan an tabbatar ita ce, a ware tukunyar daga sauran, a cire ganyen da suka fi kamuwa tun daga gindi, a ƙone su ko a binne, kada a jefa su cikin taki. A kai ta inda ruwan sama ba ya dukanta kuma iska tana ratsawa, a rage 'ya'yan da suka cunkushe. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, don da damina ta ɗauke cutar takan tsaya.

Feshi kuwa, ya kamata a san abin da yake yi. Yawancin waɗanda ake samu a shaguna kariya ne ga ganyen da bai kamu ba, ba sa warkar da wanda ya kamu. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu, haɗin sinadarin tagulla da farar ƙasa, an same shi ne ta hanya mai ban dariya. Manoman inabi a yankin Bordo na Faransa sukan shafa shi a kan kurangar bakin hanya don masu wucewa su ga shuɗi su ji tsoron tsinka. A 1882 wani malamin jami'a mai suna Millardet ya lura cewa waɗanda aka shafa wa ɗin su ne cuta ba ta kama ba. Magungunan tagulla har yau ana amfani da su. Farar wuta ma tana aiki, amma a zafin da ya haura digiri 30 tana iya ƙona ganye, wato a yawancin watanninmu sai a yi hattara. Mancozeb, wanda manoman tumatir suka sani sarai, Tarayyar Turai ta ƙi sabunta izininsa a ƙarshen 2020 saboda damuwa kan lafiyar mutane. A nan ne nake ganin ya kamata mai tukunya ɗaya ta tsaya ta yi lissafi. Shukar da aka ajiye don a shafa a fuska da kan yara, me ya kai ta ga maganin gona? Idan cutar ta ci ƙarfinta, ya fi sauƙi a jefar da ita a roƙi ɗa mai lafiya a maƙwabta. Feshi na mai gona ne da mai sayar da furanni, su ma da bin abin da aka rubuta a jikin kwalin.

Tabon da ke da ƙafa

Wani tabon ba a jikin ganye yake ba, a kansa yake zaune. A sa farce a kankare. Idan ya ɓamɓaro kamar ƙaramar kaska ya bar kore a ƙasansa, to ƙwaro ne mai ɓawo wanda ke manne wa wuri guda yana tsotson ruwa. Ɗan uwansa fari ne, kamar an yayyafa auduga a matsatsin ganye, kuma inda ya tsotsa yakan bar ɗigo mai duhu. Idan ka ga tururuwa suna safa da marwa a jikin shuka, ko ganye yana danƙo kamar darɓa ta sauka, ka buɗa tsakanin ganyen ka duba, zaƙin da ƙwarin ke fitarwa suke bi. Auduga da sifirit sun isa a goge su ɗaya bayan ɗaya, a maimaita bayan mako guda saboda waɗanda za su ƙyanƙyashe. Man dogon yaro da aka sirka da ruwa da ɗan sabulu yana taimakawa, amma da yamma, don mai da rana idan suka haɗu a kan ganye sabon tabo suke haifarwa. Masu farin gari-gari a jiki irin Echeveria kuma ba a shafa masu mai ko a goge su da tsumma, garin nan shi ne lemarsu.

Saura ƙanana, waɗanda ba sa buƙatar dogon bayani. Bushewar tsinin ganye kaɗai takan zo da hunturu, ko dogon ƙishi, ko gishirin da ya taru a ƙasa. Idan an ga fari-fari ya kama bakin tukunya, to a daina zuba mata ruwan wanki da na wanke-wanke, a kuma bar takin zamani, wanda ko tafin hannu ɗaya na iya ƙona saiwar shukar da ke cikin bokiti. A wanke ƙasar da ruwa mai yawa sau ɗaya ya fice ta huda. Ƙanƙara, bakin kaza, ƙwallon yara da ƙayar ganyen da ke gogar ɗan uwansa duk suna barin tabo busasshe wanda ba ya motsi. Ganyen can ƙasa da ke bushewa ɗaya bayan ɗaya kuwa tsufa ne. Al'adar nan ta gutsuro rabin ganye a bar sauran a jiki ita ma tana barin baƙin baki, kuma da damina ƙofa ce ga ruɓa. Gara a zare ganyen ƙasa ɗungum daga gindinsa. Wanda zai yi wa tinya ko kariya irin wannan aiki ya kiyayi ruwan jikinsu, guba ne, kada ya taɓa ido.

Tambayar da mata suka fi yi ita ce ko ganye mai tabo yana amfanuwa. Idan tabon busasshe ne, an fere an ga naman ciki garau ba wari, kuma ba a yi feshi ba, a yanke wurin a yi amfani da sauran. Mai laushi ko ɗoyi na juji ne. Rawayan ruwan nan mai ɗaci da ke tsiyaya idan an yanka ganye, wanda kan koma ruwan ƙasa idan ya sha iska, shi ma ba alamar cuta ba ne, haka yake a kowace alobera. Sai dai yana sa gudawa mai ƙarfi, kuma a 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta cire shi daga jerin magungunan wanke ciki da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba, saboda ba a gabatar mata da isasshiyar hujjar cewa ba ya cutarwa ba. A jingina ganyen a tsaye ya tsiyaye kafin a fere.

Daga tukunyar nan ta wurin alwala 'ya'ya biyu muka tsirar. Muka shanya su a kan taga kwana biyar, muka dasa a tukunyar ƙasa da aka huda da ƙusa, muka mayar da su gabashin ɗaki inda rana ke barinsu kafin azahar. Ɗaya yana da baƙin tabo a ganyensa na waje, wanda na zagaye da biro. Wata guda babu abin da ya motsa, har aka fara cewa sun mutu a tsaye. Sai da kaka ta shigo wani ɗan siririn ganye ya leƙo daga tsakiya, kore shar, ba ko ɗigo. Ganyen mai tabon ya zauna a jikin shukar fiye da shekara, sababbi suna tura shi waje, layin biron ya daɗe da gogewa, har ranar da ya zama na ƙasa duka aka zare shi aka yi wa wata amarya gyaran gashi da shi.